Katim ɗin da na saya a Makka: tukunya ce ko kayan yaƙi?

Salamu alaikum 'yan uwa mata, har da mazan da ke shiga kicin dan na san kuna da yawa a ƙasar nan, ɗalibai da masu aikin da suka baro iyali a gida suna fama da indomi da ƙwai. Tun azumin da ya wuce nake ta cewa zan yi rubutu a kan tukunyar nan da Larabawa ke ce wa katim, wasu su ce gidir dagat, mu kuma can gida tukunyar firesha, toh yau dai Allah ya yi.

Gaskiyar magana sai da ta yi wata biyar cif a saman firij ɗina cikin kwalinta ban ɗora ta a wuta ba. Ni na saye ta da kuɗina ba wanda ya sa ni dole, amma duk ranar da nace yau kam zan gwada sai na sauko da kwalin na buɗe, na kalle ta ta kalle ni, na mayar na rufe na jawo tsohuwar tukunyata da na taho da ita daga Kano. Abban yara har ya gaji da tsokanata, kullum sai yace wai na sayo mana kayan ado riyal 135.

Wadda bata taɓa ganinta ba bari na kwatanta mata. Ba irin ta lantarkin nan mai madannai da agogo nake nufi ba, waccan ai 'yar gayu ce kamar tukunyar dafa shinkafa. Wannan ta kan gas ce, alminiyam mai kauri da nauyin tsiya, tawa lita 9 ce. A kan murfin akwai wani ƙarfe da ya gitta daga wannan gefen zuwa wancan sak sakatar ƙofar gidan yari, a jikin tukunyar kuma dama da hagu akwai wasu kunnuwa biyu na ƙarfe da sakatar ke shiga ƙarƙashinsu, sannan a tsakiya ga wani baƙin dunƙulallen abu da za ki yi ta murɗawa kina ɗaurewa kamar bakanike na ɗaure notin taya. Gefe ɗaya akwai ɗan siririn bututu da ake ɗora ma wani ɗan ƙarfe mai nauyi, shi ne mai juyawar nan yana tsaki, kusa da shi kuma wani ɗan maɓalli da a lokacin ban ma san amfaninsa ba. Tsakani da Allah abin da za a dafa wa yara abinci a ciki bai kamata ya yi kama da abin da ake kiran sojoji su zo su kwance ba.

A wani shagon kayan kicin ta wajen Utaibiyya na saye ta, kuma shagon shi kansa abin kallo ne, dan bango guda suka ware ma abubuwan da in ka shigo da su unguwarmu da daddare sai 'yan sintiri sun tare ka. Ga satur jere a rataye, wato wuƙar nan mai faɗi ta sara ƙashi, ga injin niƙa nama na hannu da ake ɗaure wa a bakin tebur ya wangale baki yana jiran yatsa, ga wani dogon ƙarfe siriri mai haƙora wai na rarake cikin kusa ne, wata 'yar kabewa doguwa, in za a yi mahshi, wato a cusa mata shinkafa da nama a dafa, ni da na ɗauka kayan wanzamai ne, ga abin hura gawayin turaren wuta an yi shi da kunama da baki sak bindiga, in kin danna ya feso shuɗiyar wuta yana gurnani. Har abin kashe sauro ma sai da aka sa masa lantarki yana tartsatsi. Na tsaya ina tunani, mu fa a gida muna da taɓarya, kuma kowa ya san a faɗan kishiyoyi taɓarya ta kai mutane asibiti ba adadi, amma ba wadda ta taɓa ganin taɓarya a jingine gabanta ya faɗi, saboda da ita muka tashi. Wannan kuwa baƙuwa ce, ga ƙira irin ta mugunta, ga huci.

Mai shagon ɗan Yaman ne mai fara'a, ya ga ina zagaya tukunyar ina leƙenta kamar mai sayen akuya, yace Hajja mafi mushkila, mafi mushkila, wato ba matsala, ya ɗaura sakatar ya kwance a gabana cikin daƙiƙa biyar, shi ke nan wai ya koya min. Da na tambayi takardar bayani sai ya nuna min wata 'yar takarda guda ɗaya a kwalin, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, zanen ma duk ya dushe. Wannan shi ne ƙorafina na farko kuma babba, abu mai haɗari haka a ba mutum ba bayanin kirki. Kuɗin dai 150 ya fara cewa muka tsaya a 135 har da daribar nan, wato haraji, ta kashi 15 da ake ɗorawa, ban ce an cuce ni ba.

Abin da ya sa na saya tun farko kuwa madgut ne. Maƙwabciyata ta ƙasan bene, dattijuwa ce haifaffiyar Makka, Umma muke ce mata duk gidan, kakanninta ne suka zo aikin Hajji a ƙafa ta Sudan suka zauna, Hausarta rabi Larabci amma in ta zage ki da Hausar sai kin ji kamar a Sakkwato aka haife ta. Wata Juma'a ta aiko min da faranti guda na shinkafa da kaza, shinkafar ta sha romo har cikin ƙwayarta ga ƙamshin kayan yajinsu hel da lumi, wato busasshen lemun tsami, da kirfa, na sauka nace Umma dan Allah tun yaushe kika ɗora wannan, tace ke 'yar nan tun yaushe kuma, da aka yi kiran farko ban ma yanka albasa ba. Ashe madgut kabsa ce dai, wato dafa-dukan shinkafa da nama ta Larabawa, sunan ma a Larabce daga matsewar ya samo asali, a cikin katim ake haɗa komai a ɗaure a bar tururi ya yi aikinsa. Washegari na tafi kasuwa. Sai kuma wata biyar ɗin nan da na faɗa muku.

Ranar da asirina ya tonu bayan Babbar Sallah ne, mun samu kai da ƙafa, na ɗora ƙafar saniya tun bayan azahar a tukunyata ta gida, ga zafin Makka da ya haura digiri 40, kicin ɗinmu kuwa ko iskar mukayyif, wato AC, bata leƙa shi, ina ta ƙara ruwa ina sharce gumi har la'asar ta wuce abu kamar roba. Umma ta hawo karɓar aron rariya ta ga halin da nake ciki, ta ɗaga kai ta hango kwalin a saman firij, bata ce komai ba ta jawo kujera ta zauna tace sauko min da ita. Nace Umma wallahi tsoro nake ji. Tace tsoron me, ni da nake girki da ita tun kafin a haife ki ga ni da idona biyu da yatsuna goma, yalla sauko da ita.

A nan ta min karatun da mai shago bai min ba. Ta cire ɗan ƙarfen mai nauyi ta ɗaga murfin saitin taga tace leƙa ta bututun nan, kin ga haske? Nace na gani. Tace to duk ranar da kika leƙa baki ga haske ba kar ki ɗora, nemi tsinke ki zura sai ya buɗe. Ta nuna min zoben roba da ke zagaye cikin murfin tace wannan shi ne ran tukunyar. Ta nuna ɗan maɓallin da ban san amfaninsa ba tace wannan ɗan sanda ne, ba ya magana sai abu ya ɓaci, in bututu ya toshe shi zai buɗe ya fitar da tururin kafin tukunya ta yi miki aika-aika. Muka juye ƙafar da ruwa iya rabi, ta sa na ɗaure da hannuna, muka kunna wuta sosai.

Jama'a lokacin da abin nan ya fara tsss tsss tsss yana juyawa yana feso tururi ban san sanda na tsinci kaina a falo ba. Umma tana zaune ko gezau, dariya take har da riƙe ciki, ta ƙwala min kira tace dawo ki rage wuta, kukan nan da kike gudu shi ne lafiyarta, in tana tsaki to tana numfashi, ranar da kika ga wuta na ci ita kuma ta yi tsit bayan ta fara kuka, ran nan ne za ki kashe gas ki ja baya. Wlh wannan maganar ce ta warware min komai, dan sai na lura duk abin da ke firgita ni a jikinta, sakatar, ɗaurin, tsakin, su ne masu tsarona, abin da zai cuce ni kuwa ɗan rami ne da ko tsinken sakace da ƙyar yake shiga, wanda da ba a nuna min ba ko kallonsa ba zan yi ba. Minti 50 muka ba ta bayan fara kukan, muka kashe muka bar ta ta huce da kanta, da aka buɗe ƙashi na zamewa daga nama da kansa, romon ya yi kauri yana danƙo a leɓe. Na kusa kuka dan takaicin gas ɗin da na ƙona shekara da shekaru.

Daga baya ƙanin Abban yara da ke karatu a jami'ar Ummul Ƙura ya zo cin abinci yake min bayanin sirrin, kuma ba wani tsafi ba ne. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya in ya kai digiri 100 ya tafasa toh ya tsaya nan, ko itacen duniya za ki tura zafinsa ba zai ƙaru ba sai dai ya ƙone ya bi iska, shi ya sa ƙara wuta baya sa ganda saurin nuna, asarar gas ce kawai. Amma in kika kulle tururin ya rasa hanyar fita sai ya danne ruwan, ruwan ya kasa tafasa sai ya kai wajen digiri 120, wannan ƙarin ashirin ɗin shi ke mayar da girkin awa uku ya koma ƙasa da awa ɗaya. Ɗan ƙarfen mai juyawa kuma nauyinsa a aune yake, in matsin ya wuce ƙima sai tururi ya ɗaga shi ya fita, ya sake zama, shi ne tsakin da muke ji. Yace wani Bafaranshe ne mai suna Denis Papin ya ƙirƙiro ta tun 1679 lokacin yana aiki a Landan, kuma abin da ya fara burge mutane da shi shi ne dafa ƙashi har ya yi laushi, shi ne ma ya fara sa mata abin fitar da tururin nan mai nauyi. Irin ƙirar tawa mai sakata a sama kuwa ta yi kama da wadda kamfanin SEB na Faransa ya fitar a 1953. Nace oh, mu ana ta ce mana mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa, ashe wani ya gaji da haƙurin ya ƙera tukunya.

Yanzu kusan shekara ke nan ina amfani da ita kuma ga abin da na gani. Naman hashi, wato ɗan raƙumi, da nake sayowa a kasuwar Ka'akiyya, da sai na ɗora tun safe, yanzu minti 40 zuwa 45 ya yi luguf. Ganda da kayan ciki haka. Shurbar alkama, wato romon alkama, ta azumi da mutanen Makka basa buɗa baki sai da ita, da ita ce ke cinye min yammaci gaba ɗaya, bana ko a jikina, har na samu lokacin naɗe sambusa a zaune. Madgut na kaza kwata ɗaya bayan ta fara kuka na sauke, in na rago ne sai na fara dafa naman shi kaɗai kamar rabin awa, na huce ta na buɗe na zuba shinkafa na sake ɗaurewa minti goma. Silindar gas ɗina ma ta ƙara daɗewa sosai, har mai kawo mana ya tambaya ko mun yi tafiya ne.

Amma fa kar na yi ta zuba yabo kamar an biya ni, ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo in aka raina ta, kuma ni ta taɓa nuna min. Wata rana zan yi wake da shinkafa ga baƙi na hanya, na cika ta da wake har kusan wuya dan ganin lita 9 ce, ban leƙa bututu ba, ban sa ɗan mai ba, duk abin da Umma ta faɗa na watsar saboda na fara jin na zama gwana. Ta fara tsaki kamar kullum, can sai tsakin ya koma wani ƙugi-ƙugi, sai tsit. Ina tsaye ina yanka salak ina cewa ikon Allah yau tukunya ta yi hankali, sai ji na yi fuuuu, ɗan sandan nan ya buɗe, ruwan wake ya yi tsiri har silin, bango da taga da labule da bayan rigata duk suka sha. Allah ya taimake ni ba fuskata ke saitin ba kuma yara na makaranta. Kumfar waken ce ta taso da ɓawo ta toshe ramin. Laifina ne ɗari bisa ɗari, tukunyar ma ita ta cece ni, amma sai da na kwana biyu ina goge silin da mofa a kan kujera, har yau akwai tabo a kusurwa in kin ɗaga kai. Tun daga ran nan wake ko alkama ko duk abin da ke kumfa baya wuce rabi, sauran abinci kuma baya wuce kashi biyu cikin uku, kuma bana taɓa baƙin abin murɗawar nan sai na ɗaga ɗan ƙarfen da cokali na ji ba sauran huci. In ina sauri nakan kai ta ƙarƙashin famfo na sakar mata ruwa a gefen murfi, duk da dai ruwan famfon Makka da rani shi ma kansa ya isa dafa ƙwai, tankin na saman bene yana shan rana, sai dai na ɗebo na firij.

Sauran abubuwan da basu min ba: zoben robar nan wata bakwai ya yi ya saki, tururi ya fara tsiyaya ta gefe abinci ya ƙi nuna, kuma ba su sa na canji a kwalin ba. Na koma shagon yaron da na tarar ya ba ni wani yace daidai ne, na zo gida ya yi kaɗan, na sake komawa da murfin a leda kamar mai kai mara lafiya asibiti sannan aka dace, dan haka in za ki saya ki sayi zobe biyu a take a gwada a gabanki. Cikinta kuma ya yi duhu-duhu, halin alminiyam ke nan, shi ya sa bana barin abinci ya kwana a ciki. Nauyi kuwa in ta cika sai hannu biyu da bismillah. Sannan abin da ya fi damuna a matsayina na Bahaushiya, ba a buɗewa a ɗanɗana. Mu da muka saba ɗaga murfi sau goma, a ɗiga a tafin hannu a lasa, a ƙara gishiri a ƙara daddawa, nan in kin ɗaure kin ɗaure ke nan sai abin da Allah ya yi, in ruwa ya yi yawa a shinkafa kuwa sai dai ki sa mata suna fate. Tuwo da dambu da miyar kuka ma kar ki soma, ba hurumin ta ba ne. In maki zan ba ta dai takwas cikin goma, ɗaya na cire dan zoben, ɗaya dan har yanzu ɗan autana baya shiga kicin in tana kuka.

Ba mu kaɗai take ba tsoro ba ma. Abban yara ke ba ni labari wai bayan harin da aka kai wajen gasar gudu a Boston ta Amurka a 2013, wanda a cikin irin tukwanen nan aka haɗa bama-baman, jaridu sun kawo labarin wani ɗalibi ɗan Saudiyya a Michigan da maƙwabta suka kira masa jami'an tsaro dan sun gan shi ɗauke da ita, ashe bawan Allah kabsa ya dafa zai kai wa abokinsa. Nace ai ni ban ga laifin maƙwabtan ba sosai, ni da na biya kuɗinta ma wata biyar ina zarginta.

Da Sha'aban surukata ta zo Umara ta sauka wajenmu, ban gaya mata komai ba na ɗora ƙafar saniya dan na san tana so amma haƙora sun ƙi. Tana zaune a falo tana jan carbi abin ya fara tsaki, sai ga Inna a bakin ƙofar fita da takalmi ɗaya a ƙafa tana salati tana cewa ku fito da yaran gas zai tashi. Da ƙyar ɗanta ya dawo da ita. Da aka zuba mata ta ci ta tsotse ƙashi tas ta sha romo, ta yi shiru can tace 'yar nan, wannan abin nawa yake? Ranar da za ta koma sai da muka je aka sayo mata lita 7 da zobe biyu, na zaunar da ita na nuna mata bututu da haske da komai yadda Umma ta min, muka cusa dabino da kwalli da carbi na tsaraba a cikinta dan kar jakar ta wuce kilo 23, aka kai ta filin jirgin Jidda.

Shekaranjiya muka yi waya da ita ta WhatsApp nace Inna ya tukunya, an fara dafa ganda kuwa? Tace wace ganda, tana nan ƙarƙashin gado, ai a ciki take ajiye ajwa da kuɗin adashi, ta gaya wa jikokin in suka taɓa sakatar fashewa za ta yi, kuma har yau ko ƙwaya ɗaya bata ɓata ba.